Kwaɗo a Akwatin Wuta

Da aka ƙirƙiro Jigawa, aiki ya mayar da ni Birnin Kudu, iyalina kuwa suna Kano. Na sa wa akwatin kashe wutar gidan kwaɗo, kamar yadda na saba saboda yara. Mai gyaran lantarki ya gani, ya ɓata rai.

"Malam, ba a kulle wannan sai kowa ya san inda makulli yake. In waya ta kama wuta ba ka nan, wa zai kashe? Ku nawa ne a gidan?"

Na ce ni kaɗai ne.

Ya dubi butata ɗaya tilo a tsakar gida, ya ce, "To, bar shi a kulle."

Da faɗa ya ci gaba da yi mini, da ya fi mini sauƙi.