Katangar Mai Bulo

Mai Bulo da dakon yashi a baro ya fara, har Allah ya buɗa masa ya mallaki gidan buga bulo a ƙarshen layinsu. Tun daga nan bai ƙara yarda akwai wanda ya fi shi sanin wani abu ba. Ko likita ne ya rubuta masa magani, sai ya yi masa gyara.

Shi ne ya ja katangarsa ta hau kan babbar magudanar ruwan unguwa, ya bar wa ruwan 'yar kafar da ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. Maƙwabta suka yi magana, ya ce hassada ce ke cin su.

'Yar ƙanwarsa tana aiki a ofishin tsara birni. A can suka ɗura wa kwamfuta bayanan ruwan sama na shekaru da hotunan unguwanni daga sama, har ta koyi gane inda ruwa zai taru tun kafin ya sauka. Da taswirar ta fito, layinsu ya yi jawur, alamar haɗarin ambaliya, kuma jan ya faro ne daidai gindin katangarsa. Yarinyar ta zo har gida, ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa a waya.

Ko kallon arziki bai yi wa wayar ba. "Ke da aka haifa a gabana, ke da akwatinki za ku koya mini hanyar ruwa?" Ya gama faɗan, sai kuma ya rage murya, ya ce ta taimaka ta mayar da wajen kore, akwai mai son sayen rabin filinsa.

Ta ce, "Kawu, ba ni na shafa jan ba. A fasa katangar, zai sauya da kansa."

Ya kira uwarta ya ce ba ta yi tarbiyya ba.

Da ofishin ya turo saƙon gargaɗi ta waya, mutane suka ɗaga kayansu, tela ya kai kekensa gidan sama. Mai Bulo kuwa, don a gani, ranar ya sa aka sauke masa motar siminti a fili. Da rana tsaka ruwa ya tsuge. Ya daki katangar, ya koma da baya ya cika ɗakunan mutane, ya rusa wa wata tsohuwa mai gawayi ɗakinta, sannan ya haura cikin gidan bulon. Ɗanyen bulo ya koma taɓo, buhunan siminti suka daskare.

Tsohuwar ko jaje bai je mata ba. Amma ranar da ofishin ya turo katafila ta rushe katangar, sai ga shi cikin wankakkun kaya yana nuna wa direba inda zai dosa, yana faɗa wa jama'a ai shi ya daɗe da ba hukuma wannan shawarar. 

Yanzu bulon wasu yake dillanci a bakin titi. Har yau 'yar ƙanwarsa in ta gaishe shi, sai ya kau da kai.