Ranar da Magagi Ya Tsayar da Motar Kailu

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar motar Filinge da sassafe ya san ƙarar nan, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙaramar guduma a kan gwangwani. Baba Magagi ne. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya share ƙarƙashin rumfarsa, ya hura gawayi a ɗan murhu, ya cusa ƙarfen dalma a ciki. Sannan ya zazzage buhun gwangwanayen da masu shayi da masu tuwo suka tara masa, na madara, na tumatir, na kifi. Ya farke su da almakashi, ya daddake su a kan wani guntun ƙarfen mota har su kwanta. Kafin hantsi ya dubi ludayi, gwangwanin da ka sha madararsa jiya ya zama ƙofar mota.

A fahimce ni, ba sana'arsa ba ce. Magagi bakanike ne, da gyaran manyan motoci ya ci ya sha ya yi aure. Ƙananan nan kuwa so ne kawai Allah Ya ɗora masa tun yana yaro yana yin su da karan gero. Bai taɓa shimfiɗa su a kasuwa ba. Tayoyi daga tsofaffin silifa yake yanko su, gilashi daga robar ruwa, fitilu daga maɓallan riga, tamfal kuma daga ƙafar tsohon wando. Kuma ba ya ƙera mota haka kawai don ta yi kyau. Kowace ɗaya motar wani ce da muka sani, da lotsawar ƙofarta, da igiyar da ke riƙe da bambarta, da butar alwalar da direban ke ratayewa a gefe. Direba zai ɗauki tasa a tafin hannu, ya jujjuya, ya ce, "Kai, Magagi, har tsagewar madubin ba ka bar mini ba?" Shi ko murmushi bai cika yi ba.

Wannan taurin kai ya ja masa tun yana saurayi, zamanin mulkin soja na farko. An ce wani babban soja zai zo rangadi, manyan gari suka ga ya dace a ba shi kyautar 'yar motarsa. Magagi ya je ya ƙare wa motar kallo, ya tarar fitila ɗaya a fashe, gaba a karkace. Haka ya ƙera ta. Mai garejin da yake wa aiki ya gani, ya dafe kai.

"Magagi, hauka kaka yi? Gyara hitilar ga tun ba ka ja muna ba!"

"Ku gyara babba, in gyara ƙarama," in ji shi. "Abin da idona ya gani shi nika yi."

Ba a miƙa kyautar ba. Kafin mako ya zagayo an sallame shi daga garejin, ya koma gyara a bakin hanya, cikin rana. Mutane suka ce wauta ce, wataƙila kuma wautar ce. Amma tun daga ranar kowa a ƙasarmu ta Kurfai ya san gwangwanin Magagi ba ya ƙarya.

Al'adar da ta sa nake wannan rubutu ta samo asali ne a shekarar babban fari, lokacin da manyan motoci ke jigilar hatsin taimako daga Yamai. Wani direba, Amadu, motarsa ta kife da shi a gangare kafin Bonkuku, nan take ya cika. Bayan matarsa Dijatu ta fita takaba, sai ga ta a rumfar Magagi da 'yar motar mijin naɗe a gefen zane.

"Magagi, ka raba ni da wahalar abin ga," ta ce. "Bisa akwati take. Ko ƙohwa anka buga sai ta gara, ni ko in zabura, in ce ga shi nan tahe."

"In amshe ta ne?"

"A'a. Ka tsai da ita dai."

Ya ɗauko ƙarfen daga wuta, ya ɗiga dalma a gindin kowace taya, ya jira ta huce. Ya tura da yatsa, ba ta motsa ba. Ya miƙa mata ya ce, "Ta iso gida." Dijatu ta fashe da kuka a wurin, amma ta gaya wa mata daga baya cewa tun rasuwar ba ta yi barci kamar na ranar ba.

Ba wanda ya yi shela, abin ya zama doka. Motar mai rai tana garawa, ta mamaci a tsaye take. Direba ya rasu, an yi sadakar bakwai, sai a kawo wa Magagi 'yar motar. Tambaya ɗaya yake yi kafin ya taɓa wuta: "Wa ya ga gawa?" In ba a kawo masa wanda ya gani da idonsa ba, ko za a kwana ana roƙo ba zai ɗiga ba. An taɓa kawo labarin wani Idi ya mutu a hamada, hanyar Libiya, 'yan'uwa har sun raba kayansa. Magagi ya ƙi. Suka zage shi, suka ce tsoho ya cika iyayi. Da damina ta biyu sai ga Idi ya sauko daga motar Yamai, a rame kamar kara, amma da ransa. Har gobe in ya ga Magagi sai ya durƙusa.

Kai ne, Magagi, wanda zawarawan direbobi ke zuwa wurinsa bayan malamai sun tashi, masu gaisuwa sun watse. Ba ka iya wa'azi ba, ba ka iya lallashi ba, fuskarka ma ba ta gayyatar hira. Ɗigon dalma kawai gare ka, amma da shi ka sauke wa mata da yawa abin da ya tokare musu ƙirji.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka sake dawowa, shi yana nan ƙarƙashin rumfa. Sai hanyar arewa ta lalace. 'Yan bindiga a kan babura suka fara tare motocin kasuwa wajen Abala. Dalmar da a da takan shekara a gwangwaninta ta koma ƙarewa tun kafin kaka. Wasu iyalan ma da ya tsayar musu da motar ba su dawo ɗauka ba, sun gudu sun bar garuruwansu. Motocin suna nan jere a kan katako a bayansa, ƙura na hawa yana gogewa. Wallahi in ka tsaya ka dube su sai jikinka ya yi sanyi.

Cikin wannan hali abin ya faɗo gidansa. Kailu ɗansa ne na fari, kuma shi kaɗai ya rage masa namiji. Saboda kunyar ɗan fari ba a taɓa jin sunan a bakin Magagi ba, sai dai "yaron nan". Kailu na jan wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, yana kai 'yan kasuwa ƙauyukan da ke gaba da Abala. Wata safiya ya ɗauki lodi ya tafi, bai isa ba, bai dawo ba. Aka bi hanya, aka tambayi makiyaya, aka tambayi jandarma. Ba gawa, ba mota, ba ko takalmi.

'Yar motar Kailu tana rumfar, ita ce mafi kyau a cikinsu, har da carbin da yake ratayewa a madubi. Kowace safiya, kafin ya taɓa wani aiki, Magagi zai tsoma gashin kaza a mai, ya shafa wa tayoyinta, ya tura ta zuwa ƙarshen benci, ya jawo ta baya. Manu mai shayi, wanda teburinsa ke kallon rumfar, ya ce shi in lokacin ya yi sai ya juya baya ya kama wanke kofuna. Wa zai ce wa mutumin da ya ga dawowar Idi ya fid da rai?

To amma akwai Haske, matar Kailu. Ba ta koma gidansu ba. Uwar mijinta, Muna, baƙin ciki ya kwantar da ita, Haske ta yi jinyarta har ta rasu. Daga nan ita ke daka, ita ke dafawa, ita ke wanke wa tsoho tufafi. Shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace suka cika, malamai suka ce tana iya yin takaba ta yi aure. Ibrah, abokin Kailu tun suna karen mota, wanda shi ma matarsa ta rasu, ya turo manyansa cikin mutunci. Iyayenta suka aiko daga ƙauye, suka sake aikowa. Amsarta ɗaya ce:

"Ku tahi ku dubi 'yar motar nan ta wurin Baba. In tana garawa, ni matar aure ce."

Allah sarki! Yarinyar da aka kawo tana dariya har ana jiyo ta a waje ta koma ba ta ƙunshi, ba ta zuwa biki, furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabinta. Ba wanda ya iya tunkarar Magagi da maganar. Amma ya sani. Yana jin sautin taɓaryarta kullum daga rumfa.

Sai idanunsa suka fara tafiya. Da farko ya riƙa kawo gwangwani har kusa da hanci, daga baya almakashi ya fara cin yatsunsa. Ibrah ya kai shi Yamai, likita ya duba ya ce irin ciwon nan ba ya komawa baya, abin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Abin da ke cin sa ba duhun ba ne. Ya san in idon ya rufe, ba mahaluƙin da zai yi ƙarfin halin kai wuta ga motar nan, ko da ya iya. Za ta yi ta garawa, Haske kuma ta tsufa a tsakar gidansa tana dafa wa makaho tuwo. Ya kuma san in ya tsayar, ya binne ɗansa da hannunsa ba tare da ya gani ba, ya karya dokar da ya rasa aiki a kanta, sannan gidan ya zama kango, daga shi sai bango.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, tasha cike da hayaniya. Manu ya ce ya ga tsohon ya hura gawayi amma bai zazzage buhu ba. Da Haske ta kawo masa kunu, ta durƙusa nesa kaɗan ta ajiye, sai ya ce:

"Ɗiyata, miƙo mini motar can."

"Wace, Baba?"

"Kin sani."

Ta ɗauko, amma ba ta saki ba. Ta dubi murhun, ta dubi ƙarfen da ya yi ja. Ta ce, "Baba, wa ya ga gawa?"

"Babu wanda ya gani," ya ce. "Amma ke na gan ki. Da ɗan sauran idon ga na ga abin da kika koma cikin gidana. Abin da idona ya gani shi nika yi."

"To wa za ya dahwa maka, Baba? Wa za ya kama hannunka?"

"Wanda ya ci da ni tun ba a haihe ki ba. Saki, ɗiyata."

Ta saki. Bai iya ganin gindin tayar ba, sai da ya laluba da yatsa, ya ɗora ƙarfen a inda yatsan yake. Manu ya ce har teburinsa ya jiyo ƙaurin fata, amma tsohon bai janye hannu ba. Haka ya bi tayoyin duka. Da ta huce ya ajiye ta a kan benci, ya tura. Ta tsaya cik.

"Kailu," ya ce, "ka iso gida."

Ranar ce kaɗai aka taɓa jin sunan a bakinsa. Haske ta kifa kai a ƙasa tana kuka, direbobin da ke kusa suka cire huluna, wani ya fara salati. Magagi ya ɗebo ƙasa ya kashe gawayin, bai sake hura shi ba har yau.

Haske ta yi takabarta a gidan. Bayan kaka aka ɗaura aurenta da Ibrah, Magagi ne ma ya zauna a matsayin uba. Ta tare a wata unguwa can ƙarshen gari. Tana aiko da abinci, tana zuwa ranar Juma'a, amma kowa ya san aike ba kamar zama ba ne.

Baba Magagi, mai gudumar da ba ta ƙarya, mun gode. Mun gode da matan da ka sauke wa nauyi, mun gode da ran Idi da ka ƙi binnewa, mun kuma gode da ranar da ka karya dokarka don ɗiyar wani ta rayu. Allah Ya saka maka, Ya haskaka maka inda ido ba ya kaiwa. Mu kuma da ke riƙe da wani saboda namu jin daɗi, muna kiran abin haƙuri, mu dubi tsohon nan mu ji kunya.

Yana nan da ransa, a bayan tasha, ƙarƙashin rumfar. Kada ku kai masa gwangwani, ba ya bukata yanzu. Ku je ku zauna da shi, ku faɗa masa sunanku don ba zai gane fuska ba, ku ba shi labarin hanya. In kun tarar da farar motar a cinyarsa, yana murza tayar da babban yatsa, kada ku ce masa komai. Ya san ba ta juyawa. Shi ya tsayar da ita.