Kwaɓin Fiza Na Uku

Kwana arba'in da ɗaya ɗiyata ta fari ta yi a hannun 'yan bindiga. Tana hanyar dawowa gida daga jami'a suka tare motarsu, suka shige daji da su. Ba zan ba da labarin waɗannan kwanaki ba, don abin da na sani kaɗan ne, kuma ba nawa ba ne. Nawa shi ne abin da ya biyo bayan an sako ta, a gidanmu da ke Ƙofar Kaura.

Ranar da aka kawo ta gida ya cika ya batse. 'Yan barka na ta shigowa da kuloli, wannan ta kawo farfesun kaza, waccan dambu, wata fura mai sanyi. Kowa na cewa ta rame, amma tunda rai ya dawo jiki mai sauƙi ne. Ni ma haka na ɗauka. Sai da aka kwana huɗu, mutane suka ragu, na lura ba abin da ke shiga cikinta sai ruwan shayi da biskit ɗaya ko biyu, shi ma sai in ita ta farke ledar da hannunta.

Na yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da take so tun tana ƙarama. Ina buɗe kwanon ta toshe hanci ta yi bayi da gudu. Da ta fito, idanunta jawur, ta ce, "Umma, warin hayaƙi yake." A kan gawayi na yi shi, kamar kullum. Tun daga ranar na kai kurfoti bayan gida na koma risho mai gas. In maƙwabta suka hura itace kuwa, sai in bi tagogi ina rufewa. Duk da haka ba ta ci ba.

Wata likita, ƙawar ƙanwata, ita ke zuwa duba ta a gida, don yarinyar ta ƙi shiga mota ko da ta mahaifinta ce. Ranar wata Alhamis, bayan ta auna ta, ta ja ni tsakar gida ta rage murya.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, jikinta ya fara cin kansa. In zuwa Litinin ba ta fara cin abinci ba, dole a kwantar da ita asibiti a sa mata roba ta hanci."

Na ce, "Likita, ta yaya za a kai ta? Ko ƙarar mota ta ji a waje jikinta rawa yake."

"Ko da allurar barci ce, sai an kai ta."

Yarinyar da aka ɗauke da ƙarfi, a ce mu iyayenta mu sake riƙe ta, a sake ɗaukarta tana ji tana gani. Mahaifinta ya yi nasa ƙoƙarin, ya karɓo rubutu wajen malaminsu, ya zauna gabanta yana lallashi har muryarsa ta karye. Ta sha rubutun, ta ce ya yi haƙuri, maƙogwaronta ne ke rufewa.

Da la'asar ɗin ranar ina shafa mata mai a ƙafa, inda ƙaya ta bar mata tabo, na shiga lissafa mata abinci kamar mai talla. Taliya, ɗanwake, alale, kunun gyaɗa. Tana girgiza kai. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da muka gama jarrabawa, ni da ƙawayena mun ci fiza. Shi ne abu na ƙarshe da na ci kafin mu taso." Sannan ta ƙara da cewa, "Shi ba ya kama da komai na can."

Ban taɓa sa shi a baki ba, a waya kawai nake ganinsa. Mahaifinta bai tsaya ko sa hula ba ya hau babur, ya zaga gari har ya samo wurin da ake yi, ya dawo da shi a kwali. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya yi?" Ya ce wasu samari ne a shago, masu tsabta. Ta rufe kwalin a hankali ta tura gefe. A nan na gane dalilin biskit ɗin cikin leda. Abin da ba a yi shi a gaban idonta ba, ba za ta iya haɗiye shi ba. Me ta taɓa gani a cikin abincin can, ban tambaya ba, har yau.

Ranar Juma'a da safe na sayo fulawa da yis, da cukun kanti mai narkewa wanda sai da na shiga manyan kantuna uku kafin in samu. Na sa mata kujera a bakin ƙofar kicin, na jingina waya a jikin gwangwanin gishiri. Matar da ke cikin wayar tana Turanci da sauri, tana cewa abu ne mai sauƙi, tana da oben mai gilashi. Ni ba ni da oben. Na ce a raina, shekara ashirin da wani abu ina girki, fulawa ba za ta gagare ni ba.

Ta gagare ni. Na ji an ce ruwan ɗumi, sai na juye ruwan da ya rage a butar shayi, yana tururi. Na kwaɓa, na rufe, na zauna jira. Awa ɗaya, awa biyu, har aka sauko daga masallaci, kwaɓin na nan yadda na aje shi, ƙulli guda kamar tubali. Ita kuma ta gaji da zama ta koma ɗaki ta kwanta.

Ranar Asabar na sake. Wannan karon ya ɗan motsa, sai murna ta sa na yi gaggawa. Na shimfiɗa shi a kaskon suya, na zuba miyar tumatir da cuku, na rufe, na ƙara wuta don kada ta gaji ta tashi kamar jiya. Na juya ina wanke wuƙa ke nan na ji ƙauri. Ina ɗaga murfin baƙin hayaƙi ya turnuƙe kicin. Na waiwaya, kujerar ta faɗi, babu kowa a kai.

A bayi na same ta, ta kulle ƙofa. Ina jin kakarin amai, ga shi ba komai a cikin da zai fito. Bayan nan sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba wani haƙuri, wani da ba ya gidan. Na durƙusa a bakin ƙofar da fulawa a hannuna ina cewa ni ce, Umma ce, gida kike. Ta fi awa ba ta buɗe ba. Ni da na hana hayaƙin maƙwabta shigowa, ni na hura mata shi a fuska. Saura kwana biyu Litinin. Da ta fito na kwantar da ita, na zari mayafi na fita, ban ma san takalmin mahaifinta na sa ba sai da na hau Keke.

Ƙofar 'Yandaka na nufa, gidan yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ta haura saba'in, kuma duk bikin da za a yi a dangi ita ke yin alkubus da funkaso. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta sa na nuna mata abin a waya. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta tana kallo.

"Wanga ai gurasa ce aka yi ma kwalliya," in ji ta. "Mi kika kwaɓa shi da shi?"

Na faɗa mata.

"Kin dafa yis ɗin da ransa. Tahi gida ki kwanta, gobe ina nan tahe."

Lahadi da hantsi ta iso, da tsohon murfin tukunyar ƙarfe a ƙunshe cikin zane. Ba ta yi wa yarinyar kallon tausayi irin na 'yan barka ba. Ta leƙa ɗakin ta ce, "Ke, taso ki riƙe mani kwano, uwarki ba ta iya komi ba." Na zaci ba za ta fito ba bayan abin da ya faru jiya. Ta fito tana dafa bango, ta tsaya nesa da risho.

Inna ta sirka ruwa a kofi ta ɗiga wa yarinyar a bayan hannu. "Kin ji? Kamar na wankan jinjiri. In ya hi haka, ya kashe shi." Ta zuba yis cokali ɗaya da ɗan sukari a ciki ta aje. Muka zura wa kofin ido mu uku. Bayan ɗan lokaci kumfa ta taso a kai. Ta auna fulawa gwangwani uku, ta barbaɗa gishiri, ta tsiyaya man gyaɗa, ta juye ruwan. Ta fara murzawa da tafin hannu, tana turawa tana naɗowa. Ba a jima ba ta tsaya tana yarfe hannu.

"Wuyan hannun nan ya tsufa. Zo ki karɓe ni."

Na matso, ta harare ni. Ba da ni take ba.

Yarinyar ta wanke hannu ta sa a kwaɓin. Ba ta da ƙarfi, hannuwanta kamar sillen kara, tana yi tana hutawa. Inna ba ta ce sannu ba, sai dai "ƙara", "juya shi", har ya daina manne mata a yatsu ya yi santsi. Aka shafe shi da mai, aka rufe da zane, aka kai rana kusa da randa. Inna ta miƙe ƙafa tana ba mu labarin wani biki da funkasonta ya ƙi tashi, ta ɗora laifin a kan dangin ango. Ni ba na jin rabin abin da take faɗa. Duk minti kaɗan sai in tashi in nufi kwanon, tana cewa in zauna, ba a leƙen kwaɓi.

Da aka yi azahar yarinyar ce ta ɗaga zanen. Ya kumbura ya cika kwanon har ya taɓo baki. Ta danna yatsa a tsakiya, ramin ya dawo a hankali.

Inna ta ɗora murfin ƙarfen nan a kan risho, sannan ta ɗora kasko a kansa, don kada wuta ta taɓa gindin kai tsaye. Ta rage wutar har sai ka sunkuya za ka gan ta. Ta fara gasa gefe ɗaya ba komai a kai, ta juya, sannan ta ce yarinyar ta shafa miyar da kanta, ta zuba albasa da tattasai da cukun. Aka rufe. Na tsaya a kan kaskon ina shinshina iska, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ƙamshin burodi ne ya fito, ba ƙauri.

Aka juye a faranti, Inna ta yanka shi huɗu da wuƙar albasa. Na juya baya na kama goge risho da ba abin da ya same shi, don kada idona ya hana ta. Can sai na ji tauna.

"Ya yi kauri," in ji yarinyar. "Wanda muka ci da ƙawayena bai kai haka ba."

"To gobe ki murza shi da kwalba ya yi hwalan-hwalan," in ji Inna.

Yanki ɗaya ta ci, ta bar gefen. Na zauna ina jiran ta tashi da gudu. La'asar ta yi, magariba ta yi, abin da ta ci bai dawo ba.

Da likita ta zo ranar Litinin ta ce yanki ɗaya ba abinci ba ne, amma za ta ƙara mana kwana uku ta gani. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna kwaɓa fiza kowace safiya, wata rana ta ci rabi, wata rana ta gutsura ta aje, sau ɗaya kuma ta amayar. A rana ta goma sha biyu ta dafa wa kanta ƙwai. Ba a kai ta asibiti ba. Makaranta kam ba ta koma ba a shekarar, kuma sai da damina ta wuce kafin ta yarda ta taka zuwa bakin titi, ni a dama, mahaifinta a hagu.