Malam Arzika da Duniya Ta Tara

Shekara biyar kacal Arzika na Mandera ya yi yana koyarwa, amma har gobe babu mai kiran sunansa bai sa Malam a gaba ba.

An ɗauke shi aiki a 1979, shekarar da farar hula suka karɓi mulki, lokacin makarantun firamare sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Ba shi da takardar malanta, aji uku ya yi a sakandare. Son abin ne dai Allah Ya zuba masa. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na duniyoyi tara masu kewaya rana. Makarantar ba ta da ko hoto ɗaya, sai ya riƙa zuwa da kabewa ya dire a tsakar fili, ya ce ga rana. Ya jera albasa manya da ƙanana, kowace da sunanta. Ta tara kuwa, Fuluto, ƙwayar gujiya ce, can gindin shinge ake kai ta. Duk yaron da ya tsaya a takwas, ranar zai san Malam yana da hannu.

A jajibirin 1984 soja suka dawo, abubuwa suka tsuke, sabulu ma sai an yi layi. Aka shiga sallamar ma'aikata, kuma da marasa takarda aka fara. Arzika ya koma gida, kwana biyu bai ci abin kirki ba. A na uku ya ɗauki fartanya ya nufi fadama. Albasa kuwa ta karɓe shi. Ya auri Shatu, suka haifi shida, ya yi keke, ya yi rumbu biyu. Ba a taɓa jin ya zagi kowa kan korar ba, alhali da ya zaga ma, wallahi babu mai ganin laifinsa.

Haka aka tafi har daminar 2006. Ranar kasuwar Bodinga yana zaune bakin buhunansa, sai ga Ɗahiru mahauci, tsohon ɗalibinsa, da rediyo rataye a wuya.

"Malam! Ka jiya? An tsige ta tara!"

Wai masana taurari ne suka taru a Turai suka kaɗa ƙuri'a. Sun ce Fuluto ta cika ƙanƙanta, daga yau wada ce, ba ta cikin sahun manya. Duniyoyi sun koma takwas.

Kai, ranar 'yan albasa sun sami abin yi! Wani dattijo ya ce, "Su wa anka ce sun naɗa ta, balle su tuɓe ta?" Wani mutumin Shagari ya gyara hula ya ce, "Mu dai mun san irin wagga sanarwa. Da safe kake jin ta a rediyo, an sauke mutum shi bai sani ba." Aka kwashe da dariya. Ɗahiru ya ƙara da cewa, "Ashe bulalar da na sha kan ta tara, a banza na sha ta, Malam!"

Wasa yake yi. Arzika ma ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a ƙirji har gida.

Ya ce wa Shatu, "In malamin allo ya gane ya biya wa almajiri ba daidai ba, ko ya yi gemu sai ya neme shi ya gyara mai. Yara ɗari da sha ɗaya sunka bi ta hannuna. Iyakar abin da na koyar a duniya ke nan. In kuskure ne fa? Mi zan ce in an tambaye ni?"

Shatu ta ajiye muciya. "Malam, su Turawan da sunka yi kuskuren, gida gida suke bi?"

Kashegari ya ba keke iska.

Sunayen suna kansa, a jere, kamar yadda yake kiran su kowace safiya. Ya fara da na Mandera, ya wuce Dandin Mahe. Ya iske wani cikin gero, ya tsaya a kan kunyar gona ya kira shi, suka gaisa, ya ce, "Abin nan da na ce muku tara ne, to takwas ne yanzu." Mutumin ya yi sororo, ya ce to Allah Ya kyauta, ya koma aikinsa. A Sifawa, Atika ta fito zaure da goyo, ta durƙusa, ta jero masa tara ɗin nan tas ba gargada, sannan ta ce, "Ni ba ni rage ko ɗaya, Malam. Don tana ƙarama sai a fidda ta? Autata ma ƙarama ce." Ya yi ta fama da ita, ta ƙi, ƙarshe da kwanon fura ta sallame shi. Wani direba kuwa ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka shi daɗe, ko ta farko ban riƙe ba." Wannan ta fi duka yi masa ciwo, amma direban ya biya bashin kunyarsa, shi ya kai saƙo ga waɗanda ke Ikko. Waɗanda suka rasu, Arzika ya yi musu addu'a ya wuce.

Mako uku yana wannan yawo. Ya rame kaɗan, amma Shatu ta lura yana dawowa da fara'a, yana ba ta labarin wanda ya yi tumbi da wanda ya yi sanƙo.

Saura mutum ɗaya, Mairo, wadda yanzu ita ce shugabar wata firamare a garin Shagari. Da gangan ya bar ta ƙarshe. Kunya yake ji. Ita tana da takardu har da na jami'a, shi kuwa tun ranar da aka sallame shi ƙafarsa ba ta sake taka harabar makaranta ba. Ana saura kwanaki a kama azumi ya daure ya tafi. Ya jingine keke a bakin ƙofa, ya tsaya kamar mai jiran a kore shi.

Mairo ta hango shi ta taga. Ta fito da sauri, ta durƙusa masa a gaban malaman makarantarta da kowa. Ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Malam, ba kuskure ka koya muna ba. Ran da ka koyar, tara ne. Littafin da ke hannunmu ma har yanzu tara ya ce."

Ya sauke numfashi. Sai a lokacin ya san nauyin abin da ya ɗauko. Ya yi godiya, ya juya wajen kekensa.

"Tsaya, Malam. 'Yan aji biyar ba su ji labarin ba tukuna. Zo ka faɗa musu."

"Haba Mairo. Ba ni da takarda."

"Ni ke tambayar takarda a nan, kuma ban tambaya ba."

Ta shige gaba, ya bi ta yana kaɗe ƙurar rigarsa. Suna shiga yara sittin suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe shi. Arzika ya dube su, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ku zauna," amma can ƙasa-ƙasa, babu wanda ya ji. Ya yi gyaran murya ya sake faɗa. Wannan karon har 'yan ajin da ke maƙwabtaka sai da suka zauna.