Ranar da Yaya Ya Ja Mu Salla

Babanmu tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani ne, kuma har ya yi ritaya littafi ɗaya ya yarda da shi, wani ƙato mai jan bango da wani likita Bature ya bar masa. Lokacin da yayana ya fara jin muryoyi yana ɗan shekara ashirin, ya daina fita, ya ce maƙwabta na zancensa ta cikin katanga, sai Baba ya buɗe littafin nan ya nemo ciwon. Sunan da ya tarar shi ne dementia praecox, wato lalacewar hankali tun da ƙuruciya. An rubuta a ƙasa cewa mai wannan ciwo kullum baya yake yi, ba ya dawowa daidai.

Baba ya rufe littafi ya yanke hukunci: an ɗauke wa Yaya alƙalami. Kada a tashe shi sallar asuba, kada a tambaye shi azumi, kada wanda ya yi masa faɗa. Tausayi ne, na sani. Amma Baba mutum ne da faɗa ne gaisuwarsa, in bai yi maka ba to bai lissafa da kai ba. Ni kam na sha nawa har da ƙari. Yaya kuwa aka kai shi asibiti aka ɗora shi kan magani, muryoyin suka lafa, ya koma haddarsa ta Alƙur'ani, ya riƙe shagon gyaran waya shekara da shekaru. Baba na ganin duk wannan, amma yana nan yana jiran ranar da littafi ya faɗa.

Sai da na zo Dubai aikin jinya, aka tura ni sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, na san tarihin sunan nan. Likitocin farko, sama da shekara ɗari da suka wuce, a gidajen tsare marasa lafiya suke aiki, ba su da wani magani, sai ido da takarda. Wanda ya samu sauƙi ya tafi gida, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa shi ke zaune gabansu, sai suka ɗauka ƙarshen kowa ke nan. Daga baya wani likita ya lura ba kowa ke lalacewa ba, ba kuma kowa ciwon ke kamawa da ƙuruciya ba, ya sauya masa suna zuwa schizophrenia. Na kira Baba da zumuɗi na zayyana masa. Ya ce, "Kai da ka fara aiki jiya?" Sannan ya tambaye ni ko dabino na da araha a nan.

Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, na kawo shi a yi masa aiki, Yaya ya rako shi. Baba ya gaya wa mutanen unguwa wai zai kai yaron ya sha iska, alhali Yaya ne ke riƙe da fasfo da jaka da hannun Baban kansa. Suka sauka a gidanmu na unguwar Al Nahda, inda nake zaune da wani Alhaji ɗan Kano mai aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, a unguwar Port Saeed ta nan Dubai, mutumin kirki amma bakinsa ba birki, ga cakuɗa Hausa da Larabci. Bai san komai game da ciwon Yaya ba.

Bayan aikin, likita ya hana Baba sujada na 'yan kwanaki, sai dai ya yi salla a kan kujera. Ga zafi ba damar fita da shi masallaci, ga shi mai zaune ba zai ja masu tsayuwa ba. Da magariba ta yi na shimfiɗa dardumomi a falo, na matsa gaba zan ja salla. Alhaji ya cafke mini riga.

"Ina za ka, habibi? Kai da kullum Ƙulhuwallahu kake ja mana? Na ji karatun yayanka da safe. Yalla Malam, bismilla!"

Gabana ya faɗi, kuma har yau ina jin kunyar haka. Ni da nake yi wa Baba lacca ta waya, ashe ni ma littafin nan na cikina. Yaya bai motsa ba, Baba yake kallo. Baba kuwa ido ɗaya a naɗe, ɗayan a ƙasa.

"Khalas, shi ke nan, lokaci na tafiya," in ji Alhaji, ya tada iƙama abinsa.

Baba ya miƙe a hankali, ya ja kujerarsa ya daidaita ta da sahu, ya zauna. Yaya ya shiga gaba. Ya yi kabbara, ya fara karatu. Rabin karatun ban ji shi ba, hawaye nake ta faman tarewa.

Da aka sallame, Baba ya gama tasbihinsa tsaf, ya yi gyaran murya.

"Kai!" ya ce wa Yaya. "Wa ya koya maka ruku'u haka? Ga tsoho a bayanka kana sauri kamar ana jiranka a kasuwa? Gobe ka natsu. Kuma da asuba kada in riga ka tashi."

"Haba Baba, shwaiya shwaiya, a hankali mana," in ji Alhaji.

"To, Baba," Yaya ya ce, kansa a sunkuye.

Na shiga kicin ɗauko abinci, ya biyo ni ya turo ƙofa. Na juyo da niyyar ba shi haƙuri, sai na ga dariya yake yi, idonsa jajir. Ya kama kafaɗata ya girgiza ni.

"Ka ji?" ya ce. "Faɗa ya yi mini."