Lambar Wayar Gunvor

Shekara goma sha ɗaya Gunvor Ekdahl, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tana shugabantar kwamitin masu gidaje a benensu da ke birnin Malmö, lambar wayarta na manne a bakin ƙofar shiga. Kwan fitila ya mutu, ita za a kira. Maƙwabci ya cika kiɗa, ita. Har ranar bikin 'yarta sai da aka neme ta kan maganar shara.

A taron bana aka amince a cire lambar, a kafa akwatin saƙo na kwamiti.

Maƙwabcinta Rune ya tare ta a matakala. "To yanzu wa zan dama da ƙorafi, Gunvor?"

"Rubuta ka jefa, ran Litinin ma karanta."

Ranar ta sha gahawarta da zafinta, hankali kwance.