Kitsen da Sabo ya ɗura wa Hasana

Ranar sunan ɗan Auwalu tela a Koki, Sabo mai balangu ya sha kunyar da har yau ake yi masa tsiya da ita. Ya ɗora 'yarsa Hasana a cinya yana tura mata kitse, yana cika baki wai jinin mahauta ce. A loma ta uku yarinya ta dawo da komai a kan sabuwar shaddarsa, har cikin aljihu. Haka ya ratsa taron maza yana tafe yana ɗiga.

Sabo dai tun yana saurayi yake gashi a Ƙofar Wambai. Gajere ne, ga tumbi, ga saurin hawa. Hasana kuwa shekararta tara amma kamar tsinken tsire. 'Yan zaman ƙofar gida, har da Auwalu, suka sa shi gaba, wai mutum yana sayar da nama ya kasa ciyar da 'ya ɗaya, ko ƙashi yake kai wa gida? Maganar ta ci shi. Kullum ya tashi kasuwa sai ya ware mata tozo, ya tsaya a kanta sai ta cinye. Tana gamawa ta dunƙule a tabarma riƙe da ciki, ciwon har gadon baya. Uwarta Indo ta ce a je asibiti, bayan gidan yarinyar ma duk maiƙo ne. Sabo ya ce tsutsar ciki ce, ya sayo magani a kemis, ya ƙara kitse.

Shekara biyu ana haka. Sai da ta suma a makaranta sannan aka kai ta aka yi hoto. Likita ya ce wata tsoka ce a bayan tumbi mai narkar da maiƙo, ta daɗe a kumbure har tsakuwa ta taru a cikinta. Ba nama ne ya kawo ciwon ba, amma duk lomar kitse fama shi take yi. Sabo ya cire hula ya ajiye a kan benci.

An yi mata aiki. Yanzu sai ta haɗiyi ƙwaya kafin ta ci abinci, kuma har yau ba ta yi ƙiba ba. Shi ma tun ranar bai sake kai kitse baki ba, yana gasawa yana kawar da kai.

Kwanan baya Auwalu ya tarar da shi a rumfa yana cin dafaffiyar kabewa, ya ce, "Sarkin fawa, yau kuma akuya aka koma?"

Sabo ko ɗagowa bai yi ba. "Ita kitse likita ya hana ta. Ni ku ya kamata a hana ni tun farko, da ba a tsaga min 'ya ba."